Azumin Lami

Akuya ce ta fara tona al'amarin. A gidan Malam Abubakar Sadiƙ da ke unguwar Damba a Gusau akwai wata jar akuya da matarsa Hasana take kiwo a lungun bayan madafi. Wajen ƙarshen daminar 2024 akuyar ta daina kula dusa. Sai a zuba mata, ta shinshina, ta kau da kai, amma kullum ƙara sheƙi take yi. Wata safiya Hasana ta shiga lungun da tsintsiya, ta ɗaga wani tsohon buhu, ta tarar da rabin malmalar tuwon dawa, miyar kuka ta bushe a jikinta. Ta gane malmalar, domin ita ta yi ta da hannunta, 'yar ƙarama, ta sa a kwanon 'yarta Lami jiya da magariba.

Sannan ta mayar da buhun yadda ta same shi, ta ci gaba da shara, ba ta ce wa kowa komai ba.

Wanda bai san asalin Hasana ba zai ce rashin kula ne. Lami ita ce 'yar farinta, kuma a al'adar da Hasana ta tashi a ciki uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta kallonsa ido cikin ido, ba ta yabonsa, ba ta nuna damuwa da shi a gaban mutane. A cikin Gusau wannan kunya ta yi sauƙi ƙwarai, musamman tun da garin ya zama babban birnin jiha a 1996 ya cika da ma'aikata da baƙi. Amma iyayen Hasana makiyaya ne da suka zauna a Rawayya ta ƙasar Bunguɗu bayan fari ya cinye shanunsu. Sun koma noma, sun bar ruga, ba su bar kunyar ba. Lami ta kai shekara goma sha tara, tana karatu a wata kwaleji a cikin gari, kuma duk tsawon rayuwarta "ke" uwarta take ce mata. Idan za ta ambace ta ga wani sai ta ce "'yar Iya", domin Iya, mahaifiyar Hasana, ita ta riƙe yarinyar daga yaye har ta isa shiga makaranta.

Tushen abin yana Tsafe. Bayan ƙaramar Sallar shekarar aka yi bikin Jamila, 'yar ƙanin Malam, 'yan mata suka yi anko suka shiga fili ranar wuni. Wata daga cikin mahalarta ta tsaya daga baya ta ɗauki rawar da waya, ta sa a inda kowa zai gani. Kafin dangin Gusau su komo gida bidiyon ya riga su. Mutanen da ba su san Lami ba, ba su ma san inda Tsafe take ba, suka yi ta rubutu a ƙarƙashinsa. Wani ya ce ta tsakiyar nan ita ta cinye shinkafar bikin. Wata ta ce buhun masara ne aka ɗaura wa zane.

Kakannin Lami sun yi rayuwarsu da ɗan madubin da 'yan koli suke sayarwa, wanda bai fi tafin hannu ba. Fuska kawai yake nunawa, kuma mace takan tsufa ta mutu ba ta taɓa ganin bayanta ba. A zamaninsu cikar jiki ake yabo, har yau ma akwai 'yan matan da ke haɗiyar ƙwayoyi don su yi ƙiba. Lami ita kuwa ta ga bayanta yana motsi a allon waya, ta mayar ta sake kallo har ta haddace kowace girgiza. Daga nan ta zama kamar mutum biyu, ɗaya tana tafiya, ɗaya tana biye da ita a baya tana kallo. Idan ta zauna a aji, ba darasin take ji ba, tunanin yadda damtsenta yake a idon na bayanta take yi. Ko a salla, idan ta yi ruku'u, mai kallon tana nan tsaye.

Ta fara da abin da ba mai iya tuhuma. Ta rama azumin da ta sha a watan Ramalana, ta bi da Sitta Shawwal. Ta kama Litinin da Alhamis, ta ƙara da kwanakin tsakiyar wata. Da damina ta yi nisa ta ce ta ɗauki azumin Annabi Dawuda, yau a yi gobe a sha. Ranar shan kuma takan ce ta ci a makaranta. Da magariba takan ɗauki kwanonta ta shige ɗaki, kamar yadda 'yan mata da yawa suke yi, ta fito da shi a wanke. Hijabinta har ƙasa ne, ba abin da ake gani sai fuska, fuskar kuwa mutane suka ce hasken ibada ne ya sa ta faɗa.

Bayan ganin tuwon, Hasana ta soma lura ta gefen ido. A zafin watan Oktoba, lokacin da kowa ke neman inuwa, Lami tana sanye da rigar sanyi a ƙarƙashin hijabi. Gashi yana cika matajinta. Yarinyar da a da dariyarta take kai wa maƙwabta, yanzu idan ƙannenta suna tauna a kusa da ita sai ta daka musu tsawa, ta koma ɗaki ta yi kuka. Ita ke karɓar girki, ita ke cika wa kowa kwano, ta tsaya tana kallon yadda ake ci.

Wata ranar Asabar Hasana ta kai wa mijinta abincin rana, ta zauna daga gefen tabarma.

"Malam, abinci yana ragowa a gidan nan."

"Alhamdu lillahi. Albarka ke nan."

"Kwano ɗaya ne yake ragowa."

Malam Abubakar malamin sakandare ne, mutum mai karatun boko da na addini, ya kuma gane inda ta dosa. Ya yi murmushi. "Hasana, mutane suna kuka da 'ya'yansu a kan waya da yawon biki, ke kuma da azumi kike kuka? Shekaranjiya liman ya tsayar da ni, ya ce a Islamiyya da ita ake ba yara misali."

"Ban ce ina kuka ba."

"To me kike cewa?"

Maganar tana bakinta. Amma faɗinta yana nufin ta ce ta lura da jikin 'yar farinta, ta ƙirga lomarta, ta kwana da tunaninta.

"Ikon Allah," in ji shi cikin raha. "Yau 'yar Fulani ce take bin lafiyar 'yar fari? Bari dai Iya ta ji."

Hasana ta ja mayafi ta rufe fuska, ta tashi.

Sunan Iya da ya ambata shi ya nuna mata hanya. Abin da uwa ba ta iya faɗa, kaka tana iyawa. Ta jira ranar da motoci suke da yawa, ta fita da tsakar rana, domin a shekarun nan ba mai son asuba ko yamma ta same shi a hanyar ƙauye saboda 'yan bindiga. Duk motar shiru, kowa idonsa a kan gonakin dawa da ke gefen titi, ana addu'a ƙasa-ƙasa. Hasana ta lura cewa ita ba dajin take tsoro ba. A Rawayya ma ba ta iya faɗa wa mahaifiyarta abin kai tsaye ba. Cewa ta yi 'yar Iya tana kewar Iya. Tsohuwar, wadda yanar ido ta rufe idanunta biyu har ba ta ganin komai sai bambancin haske da duhu, ta yi dariya ta ce lallai saurayi aka samu, ta sa aka ɗaure mata kayanta.

Sun iso Damba da la'asar. Tun daga zaure Iya ta ɗaga murya.

"Ina ƙatuwar gidan ga? Ina tulun nawa? Taho in ji ko ƙohwar ɗaki na isarki har yau!"

Tsakanin kaka da jika wasa ne gado, kuma da irin waɗannan kalmomi Iya take yi wa Lami sallama tun tana rarrafe. A da Lami takan fito da gudu ta ce tsohuwa mai haƙori uku ta zo cinye musu nama. Wannan karon ta fito a hankali, tana dafa bango, ta durƙusa nesa kaɗan.

"Sannu da zuwa, Iya."

"Sannu da zuwa kawai? An ce kin zama waliyyiya, ashe har rowar baki kin koya. Miƙo hannu, marowaciya."

Lami ta miƙa don ba yadda za ta yi. Yatsun tsohuwar suka zagaye wuyan hannun, babban yatsa ya haɗu da manuni har ya wuce. Iya ta tura hannunta cikin hijabin, ta bi ta gwiwar hannu, ta kai kafaɗa, ta taɓa ƙashin wuya. Dariyar da ke fuskarta tana nan, amma ta daskare.

"Wace ce wagga?"

"Ni ce, Iya."

"Ƙarya kike. Ina kuka kai min jikata?"

Ta sunkuya ta lalubo ƙafar yarinyar. Ƙafar sanyi ƙalau, kuma a kumbure. Ta danna idon sawun da yatsa, ta ɗaga, ta sake shafawa. Ramin da yatsan ya yi yana nan bai cike ba.

Lami ta janye ƙafarta. "Ai kin faɗa, Iya. Ƙatuwa. Kowa ma ya faɗa."

"Wasa nike, ɗiyar nan."

"Su ma wasa suke yi," in ji Lami. Ta miƙe da ƙyar ta koma ɗaki, ta turo ƙofa.

Iya ta sa Hasana ta ja ta zuwa madafi, inda ba mai jinsu. Ta zauna a kan turmi.

"Na san ƙahwar ga," ta ce daga baya. "Na taɓa danna irinta."

Tana nufin farin 1973, wanda ya kai har shekarar da ta biyo. A lokacin tana amarya a wata ruga arewa da Ƙaurar Namoda, ruwa ya ɗauke tun hatsi bai yi ido ba, shanu suka riƙa faɗuwa a kan hanyar mashaya, nono ya ƙafe a jikin dabba da na mutum. Hasana ta san an yi wata yarinya kafin yayyenta, amma ba a taɓa ba ta labarin ba.

"Ki yi mata magana, Iya. Ke take ji."

"Ni bakina na wasa ne. Ba ki ji abin da ta ce ba? In na ce ta rame, za ta ce yabo ne. In na ce ta ci, za ta ce ba'a nike." Tsohuwar ta juya fararen idanunta wajen da muryar 'yarta take. "Ta farin tawa haka ƙahwarta ta yi, sannan gashi ya zube, sannan ta daina kuka. Ina zaune nesa da ita, surukata na riƙe da ita, ina ta saƙar faifai don kada a ce na damu. Har aka ruhe ta ban kira sunanta ba. An yabe ni, Hasana. Duk rugar an ce ba a taɓa ganin mai kunya irina ba."

Wutar murhu ta ci ta kusa mutuwa, ba wadda ta iza.

"Ni hatsi na rasa," in ji Iya. "Ke mi kika rasa?"

Da aka kira magariba Hasana ta dama kunun gyaɗa, ta ɗauka da kanta zuwa ƙofar ɗakin. Ta shirya maganar tun a madafi, ta maimaita ta a zuci. Da ta tsaya a bakin ƙofa, abin da ya fito daban ne.

"Ke. Ga kunu."

"A ajiye," aka amsa daga ciki.

Ta ajiye. Da safe kunun yana nan, ya yi fata a sama. Ranar ba ta azumi ba ce a lissafin Lami, amma ta ce ta tuna da wata ramuwa da ake binta.

Da hantsi Malam yana makaranta, yara ma haka. Iya tana kan tabarma a inuwar ɗaki tana jan carbi, Hasana tana tankaɗe a ƙofar madafi. Lami ta fito da babban bokiti ta nufi famfo. Kwanakin nan duk aikin da ya fi nauyi shi take zaɓa. Ta cika bokitin, ta sunkuya, ta ɗaga shi ya bar ƙasa. Sai aka ji ƙarar roba a kan siminti, ruwa ya malale tsakar gida, bayan haka wata ƙara mara ƙarfi, kamar an yar da damin kara.

"Mi ya hwaɗi?" in ji Iya. "Hasana, mi ya hwaɗi?"

Hasana tana tsaye da rariya a hannu. Yarinyar tana kwance a cikin ruwan, hijabin ya jiƙe ya manne mata, kuma a karo na farko uwar ta ga abin da ya rage a ƙarƙashinsa. Haƙarƙarin ana iya ƙirgawa daga inda take. Ba ta ga yana motsi ba. Ta waiga zaure ko wani zai shigo, ba kowa. Ta dubi Iya, Iya tana laluben ƙasa da hannu, ta nufi wani gefen daban.

"Lami!"

Muryar ta fito a tsage, ita kanta ba ta gane ta ba. Carbin ya faɗi daga hannun Iya, domin jin wannan suna a wannan baki ya gaya mata iyakar inda abin ya kai.

"Lami! Lami, ki tashi!"

Ta durƙusa a cikin ruwan ta kara kunne a ƙirjin. Akwai bugu, amma tsakanin ɗaya da na biye da shi sai ta ɗauka ya tsaya. Ta sa hannu biyu ta tattara ƙarfinta don ɗaga budurwa, sai ta kusa faɗuwa da baya, domin abin da ta ɗaga bai kai buhun garin da ta saba ɗauka ba. Haka ta fita titi da ita a hannu, ba takalmi, ba mayafi, maƙwabta suna kallon Hasana mai kunya tana kiran sunan 'yar farinta tana tsayar da keke-napep.

A asibiti aka sa wa Lami ƙarin ruwa. Likitar, wata mace mai matsakaicin shekaru, ta ce zuciyar ta yi rauni saboda daɗewar yunwa, kuma ba za a cika mata ciki lokaci guda ba, domin hakan ma yana iya kashewa. Kaɗan-kaɗan za a riƙa ba ta, ana auna jini. Ta ce ciwo ne sananne, ba aljanu ba ne, ba taurin kai ba ne, kuma ko jikin ya farfaɗo sai an haɗa da likitan da ke duba damuwar zuciya, wata da watanni. Ba ta yi alkawarin komai ba.

Malam Abubakar ya iso da alli a hannun rigarsa. "Likita, azumi fa take yi. Yarinya ce mai ibada."

"Na ji, Malam. Yaushe rabon da ka ga ta buɗa baki da idonka?"

Ya buɗe baki zai amsa, sai idonsa ya sauka a kan hannun da aka sa wa allura, wanda rabonsa da ganinsa babu hijabi tun tana ƙarama. Ya san hukuncin azumin da ke cutar da mai yinsa, ya sha karantar da shi. Ya nemi bango ya jingina, ya zame har ƙasa.

Lami ta farka bayan azahar. Kafin ta tambayi inda take, hannunta ya fara laluben abin rufa. Ta ja zanen gadon har wuya.

"Wa ya gan ni?" Muryar da ƙyar take fita. "An ɗauka a waya?"

"Ba wanda ya ɗauka," in ji Hasana. Tana zaune a bakin gadon, ba daga gefe ba.

"Wa ya kawo ni?"

"Ni na ɗauko ki."

Yarinyar ta rufe ido, hawaye ya gangaro ta gefen kunnenta. "Na yi nauyi, ko?"

Tsoron da ya kama Hasana a nan ya fi na tsakar gida. A can ta ɗauka mutuwa ce ta zo ta wuce. Yanzu ta ga abin yana nan kwance tare da 'yarta a gado ɗaya, ƙarin ruwa bai taɓa shi ba.

"Lami," ta ce. "Buɗe ido ki dube ni."

Lami ta buɗe, ba don umarnin ba, don sunan. Suka dubi juna. Uwar ta ji duk jikinta yana ce mata ta sunkuyar da kai, ta ƙi.

"Ban taɓa kallonki ba, kin sani. Yau zan fara. Kuma ba zan gaya miki kin yi kaza ko kin yi kaza ba, ba na cikin masu awo. Ina nan dai. In kin ci ina gani, in kin zubar ina gani."

Nas ta kawo 'yar madara a ƙoƙon roba, iyakar abin da likita ta yarda a ba ta. Hasana ta karɓa, ta ɗebo a cokali ta kai bakin. Lami ta dubi cokalin kamar an miƙo mata garwashi. Ta karɓa, ta riƙe madarar a baki ba ta haɗiye ba. Hasana ta zuba wa maƙogwaron ido. Wata mai jinya a gadon kusa tana waya tana dariya, wani yaro yana kuka a baranda, ita ba ta ji ko ɗaya ba.

Maƙogwaron ya motsa.

A ƙarƙashin zanen gadon wani abu ma ya motsa. Hasana ta ɗaga gefensa, ta ga yatsun hannun daman Lami sun zagaye wuyan hannun hagu, suna gwada ko cokali ɗayan ya ƙara wani abu. Ta ɗora tafinta a kan yatsun ta riƙe, da ɗaya hannun kuma ta sake tsoma cokalin a madarar.